Shekarar da Baba Bai Buɗe Tafki Ba

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu ne a ƙasar Bukkuyum, can inda hanyar mota ta ƙare, sai ta babur da jaki. Duwatsu uku suka kewaye garin ta gabas da kudu, tafki kuma yana kwance a tsakiyarsu. Ruwan da ke gangarowa daga kansu da damina shi ke cika shi. Shekarar da ruwa ya yi yawa, gulbi yakan tumbatsa ya haɗe da tafkin, ya zubo masa kifi, ya janye ya bar su nan suna ƙiba. Tsofaffi sun ce ko a shekarun fari ba a taɓa ganin ƙasansa ba.

Mahaifina ne Sarkin Ruwa. Sarauta ce marar rawani marar fada, aikinta ɗaya. Ruwan sama na sauka zai rufe tafki, ba mai kamun kifi, ba mai jefa birgi, ba mai shiga da homa, sai bazara ta yi ruwa ya ja da baya, sannan ya sa rana ya buɗe. Haka ubansa ya yi kafin shi. Ni kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakin Inna, don haka ba a taɓa tambayar wanda zai gaje shi ba.

Rufe tafki bai hana wanka ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, rabin gari can yake ƙarewa. Samari su tuɓe riguna su yi tseren iyo zuwa wani falalen dutse da ke tsakiyar ruwa, wanda ya riga hawa ya tsaya yana yi wa sauran gwalo. Mata suna da nasu gefen, inda suke wanki suna ciro bado. Fulani suna shayar da shanu ta arewa. Har mai tsire yakan kafa tukubarsa a gindin wata tsohuwar kanya da ke bakin ruwa.

Ranar su kuwa, wato ranar da ake buɗe tafki kowa ya shiga kamun kifi, ba a magana. Baƙi tun daga Gwashi har na wajen Gummi sukan cika garin. Baba ya shiga ruwa har ƙugu shi kaɗai, ya yi addu'a, ya bugi ruwa da tafin hannu sau uku. Kafin ya ɗago kai jama'a sun auka, kowa bisa gorarsa da homa a hannu. Tarwaɗa, gargaza, kurungu, wani lokaci giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun taru kansa. Mako guda garin yana ƙamshin banda.

Ina da shekara kusan talatin, da mata ɗaya da 'ya mace ɗaya, lokacin da aka turo mana sabon ma'aikaci a ɗan asibitin garinmu. Kirista ne daga wajen Filato, dogo, mai sanƙo, ya bar iyalinsa can gida. Ba likita ba ne a takarda, amma Likita kowa ke ce masa. Wata Lahadi aka zo aka gaya wa Baba ga baƙo can yana kamun kifi alhali tafki na rufe. Muka tafi tare. Muka same shi zaune a gindin kanya, ya miƙe ƙafafu, yana riƙe da wata siririyar sanda mai zare.

Baba ya ce, "Baƙo, mi kaka yi nan?"

Ya yi zumbur ya miƙe ya gaishe shi. "Kifi nake kamawa, Baba."

"Da wanga ɗan zare?"

"Da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun azahar."

"Nawa kak kama?"

"Ko ɗaya."

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ban cika gani ba. Ya juya ga waɗanda suka kawo ƙarar ya ce, "Wanga ba ya ƙare muna kihi. Ku bar shi ya zamna."

Daga nan muka saba. Kowace Lahadi in ya gama addu'arsa da safe tare da malaman makaranta biyu 'yan addininsu, sai ya ɗauko fatsarsa ya nufo kanya. Ni kuma nan nake ɗinkin koma, ragar kamun kifina. Na daɗe ina mamakin babban mutum ya ɓata yini guda a kan kifi biyu, wani lokaci ma ya cire ƙugiya ya mayar da su ruwa. Da na tambaye shi, ya ce, "Abokina, ba don kifin ba ne. Garinmu ma dutse ne da ruwa. In na zauna nan sai in ji ban yi nisa da gida ba."

Nakan zo da 'yata a kafaɗa. Shekararta uku, bakinta bai gama buɗewa ba amma ba ta yin shiru. Likita ya koya mata riƙe sandar, in kifi ya taɓa zare ta saki ta ruga bayana tana ihu tana dariya.

Sai zinariya ta ɓulla.

A bayan dutsen kudu aka fara haƙa ramuka. Cikin 'yan watanni garin ya sauya. Babura suna shigowa da buhunan dutse, injinan da ke niƙa mana gero suka koma niƙa dutse, baƙin fuskoki suka cika rumfunan shayi. Garin dutsen nan sai an wanke shi kafin zinariya ta fito, wanki kuwa sai da ruwa mai yawa. Rijiyoyi ba su isa ba. Idon kowa ya koma kan tafki.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari. Baba bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Ruwan ga na shanmu na, mu da bisashenmu. Abin da kunka wanke ciki, ciki zai zamna, ba ya da ƙohwar hita. Ban yarda ba."

Da an tashi a haka, wataƙila da maganar ta mutu, don mutane suna jin nauyinsa. Ni ne na buɗe baki. Na ce, "Baba, kusurwa guda ta kawai za a ba mu, can kudu. Tabkin ga babba na."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Har da kai?"

Ya ɗauki takalmansa ya tafi gida. Tun da ɗan Sarkin Ruwa ya yarda, mai gari ya ga ba shi da abin jira, ya ba da kusurwar kudu.

Na sha neman wanda zan ɗora wa laifin abin da na yi ranar, ban samu ba. Matata ba ta taɓa yi mini gorin komai ba. Abin da ya ci ni kawai shi ne sa'o'ina sun sayi babura, suna cire jinka suna sa kwano, ni ina gindin kanya da allurar koma kamar tsoho.

Na ajiye koma na shiga wanki. Mukan kafa katako a karkace mu shimfiɗa masa tsumman darduma, injin ban ruwa yana jawo ruwa daga tafki, muna zuba garin dutse yana bi ta kai. Mai nauyi ya maƙale a tsumma, sauran ya gangara ya koma inda ruwan ya fito. Da layin injin niƙa ya yi tsawo sai na fara kai buhuna gida. Matata ta riƙa dakawa a turmin da take daka hatsi, tana tankaɗewa da rariya. Ƙurar tana sauka bisa tabarma, bisa kwanuka, bisa randa. Tana da ɗan ƙyalli, yarinyar tana sonta. Takan zauna kusa da turmi ta cika ƙoƙo ta zubar, ta sa yatsu a baki. Muna kallo, ba mu ga komai a ciki ba. Ai ƙasa ce.

Tafki ne ya fara nunawa. Wata jar laka ta taso daga kusurwar kudu tana ci gaba kullum kaɗan-kaɗan. Bado ya ruɓe a wannan gefen. Wani dattijon Bafulatani ya zo ya sami Baba ya ce, "Sarki, nagge ta ƙi ruwan nan. Sai ta shaƙa ta ɗaga kai." Bayan mako biyu suka daina kawo shanu. Wankan Juma'a ma ya mutu da kansa, don samarin duk suna ramuka.

Likita kaɗai bai fasa zuwa ba. Wata Lahadi ya aika aka kira ni daga wurin wanki. Na same shi bai ko jefa zare ba.

Ya ce, "Abokina, zauna. Yara uku aka kawo mini makon nan, duk jijjiga suke yi. Na ba su maganin zazzaɓi, bai yi ba. Biyu sun rasu."

Na ce Allah ya jiƙansu, ai lokacin zafi ne.

"Ba zafi ba ne. Ban san mene ne ba, na rubuta wa manya ina jiran amsa. Amma na lura da abu ɗaya, duk daga gidajen da ake daka dutse suke. Don Allah ka fitar da buhunan nan daga gidanka."

Na ce to. Kuma da niyyar yi na faɗa. Sai dai akwai buhu huɗu da suka rage a zaure, na ce a raina bari a gama da su tukuna.

A cikin kwanakin nan aka yi su na shekarar. Baba ya shiga ruwa yadda ya saba, amma laka ta riƙe ƙafafunsa har sai da ya dafa wani kafin ya tsaya daidai. Jama'a suka auka, ruwa ya koma kamar kunu, idanu suna zafi. Kifin da aka samu bai taka kara ya karya ba, wasu tarwaɗan duk gyambo a jikinsu. Kafin la'asar baƙi sun ɗaure gorunansu sun kama hanya. Baba ya zauna a gindin kanya da rigarsa jiƙe har rana ta yi sanyi, ba wanda ya iya zuwa kusa da shi.

Kwana biyar bayan haka yarinyar ta fara amai tana riƙe ciki. Ta daina wasa, ta daina surutu. Rana ta uku da hantsi ina ɗaure buhu a ƙofar gida na ji muryar matata.

"Malam! Malam, taho ka ga ɗiyar ga!"

Na same ta a ƙasa ta sandare, idanu sun juye, haƙora sun datse. Na sure ta na ruga asibiti. Likita ya yi mata allura, jijjigar ta lafa, ta dawo, ta sake lafawa. Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Na ji an ce wasu likitoci baƙi sun sauka a Anka saboda irin wannan ciwon. Hau mu tafi."

Ya rufe asibitin ya tayar da babur ɗinsa. Na rungume ta a tsakaninmu. Ban san awa nawa muka yi ba. Abin da nake tunawa shi ne zafin jikinta yana ratsa rigata, da yadda nake sa kunne a bakinta duk inda muka tsaya in ji ko tana numfashi.

A Anka suka ɗebi jininta. Mai fassara ya ce mini gubar dalma ce, tana cikin dutsen da muke dakawa, ta shiga jinin yarinyar har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Ya tambaye ni ko ana daka dutse a gidanmu. Na ce ana yi. Ya tambayi wa ke kawowa. Na ce ni ne. Ya rubuta, bai ko ɗago kai ba, don amsar da yake ji ke nan tun safe.

Mun yi makonni a can, uwarta ta biyo mu. Yara da yawa an fitar da su a tabarma muna gani. Tamu ta rayu. Amma idanunta a buɗe suke ba sa gani, 'yan kalmomin da ta iya duk sun tafi, ƙafarta ta hagu kuma ja take yi.

Da muka dawo gida na yi zaton Baba zai yi magana. Na ma so ya yi, ko da zagi ne. Sai ya miƙo hannu ya karɓe ta, ya ɗora ta a cinya, ya riƙa shafa kanta. Har ya bar duniya bai taɓa tuna mini abin da ya faɗa a ƙofar mai gari ba.

Daga baya wasu ma'aikata suka zo da shebur da baro, suka kankare ƙasar gidajenmu suka zuba sabuwa. Turmin da rariyar duk aka kwashe. Suka ɗebi laka da ruwan tafki a kwalabe suka tafi da su. Da suka dawo suka ce kada a sha, kada yara su yi wanka, kifin ma a bar ci. Baba ya tambayi har yaushe. Mai fassara ya yi magana da su, ya juyo ya ce, "Baba, sun ce ba su sani ba. Tsakar gida tana kankaruwa, tafki ba ya kankaruwa."

Damina ta sauka, Baba ya rufe tafki kamar kullum. Bazara ta zo, dattawa suka same shi a zaure su ji ranar da ya sa. Ya ce, "Ba bana ba." Shekara ta zagayo suka sake zuwa, ya sake faɗa musu haka. Masu yunwa suna shiga a ɓoye suna kamawa, suna kai wa kasuwannin da ba a san labarinmu ba. Ya sani, bai kira kowa ba. Ya daina bin hanyar tafki ma gaba ɗaya.

Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba shi ne, shekara guda bayan dawowarmu daga Anka na koma wanki. An matsar da shi bayan dutse, amma ruwan sama yana kwaso lakar ya kawo ta inda ta saba zuwa. Gona ba ta ciyar da mu shekara, kamun kifi kuma babu. Nakan tuɓe kayan aiki in wanke jiki kafin in shiga gida, in ce wa kaina hakan ya isa.

A damina ta uku Baba ya kwanta. Wata safiya ina ba shi kunu na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tsakanina da kai babu komi. Amma ka ji, kada ka buɗe shi. Ko sun matsa maka." Bayan kwana biyu ya cika. Da aka yi sadakar bakwai dattawa suka ce in karɓi sarautar. Na ce su ba wani. Ba wanda ya nema, ta zauna haka nan.

Likita bai daina zuwa gindin kanya ba, ni ma nakan je in zauna da shi. In ya kama sai ya duba kifin ya jefar da shi ruwa. A lokacin ne 'yan bindiga suka fara matsowa. Da farko shanu suke kora, daga baya suka gane akwai zinariya, suka tare a cikin duwatsun da muka tashi muna hawa. Wata Lahadi muna zaune sai ga babura sun gangaro ta ɗaya gaɓar, kowane da mutum uku da bindigogi. Suka sauka suna wanke fuska. Ɗaya ya hango mu ya ɗaga mana hannu. Likita ya naɗe zarensa a hankali ya ce, "Tashi mu tafi, kada ka yi sauri." Ranar ce ta ƙarshe da muka zauna a wurin.

Ba a yi wata guda ba 'yan bindigar suka zo asibitin da rana tsaka, gaban masu jiran magani, suka ɗauke shi ya je ya duba musu waɗanda aka harba. Kwana huɗu sai ga shi ya dawo da ƙafa, babu takalmi, leɓensa a fashe. Bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Ranar kasuwa ya haɗa kayansa. Kafin ya tafi ya biyo ta gidanmu, ya durƙusa gaban yarinyar ya lanƙwasa ƙafarta ya miƙar, ya ce wa matata ta riƙa yi mata haka safe da yamma kada ta gaji. A ƙofar gida ya riƙe hannuna.

"Abokina, ka bar garin nan."

Na ce, "In je ina, Likita?"

Ya saki hannuna ya tafi. Mun yi waya sau biyu ko uku bayan tafiyarsa, daga nan lambar ta daina shiga.

Mun ƙara damina ɗaya. Da kaka ta yi 'yan bindigar suka hana mu girbi, suka ƙone rumbunan unguwar gabas. Muka fito da abin da za mu iya ɗauka, ni na goya yarinyar, matata ta riƙe hannun Inna, har muka kai inda mota ke tsayawa. Gummi muka sauka, a wani ɗaki da ɗan'uwan matata ya ba mu.

Masuntan Gummi sun san Baba, da yawansu sun ci kifin tafkinmu. Suka yi mini kara suka ba ni wuri a jirgi. Na bi su 'yan kwanaki. Amma duk wanda ya ji daga inda na fito sai ya tambaye ni yadda aka yi tafkin ya lalace, da su wa suka yarda aka yi wanki a ciki. Na gaji da cewa ƙaddara ce, na daina zuwa. Yanzu kifin ƙanƙara nake sayarwa a bakin kasuwa, irin wanda ake kawowa cikin kwali daga nesa. Ban san sunan ruwan da aka kamo shi ba.

Inna ba ta saba da Gummi ba. Da ciwonta ya yi tsanani ta kama rigata ta ce, "Ka maishe ni gida, in kwanta kusa da ubanka." Na zagaya tasha na roƙi masu babur ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ko shi kaɗai ba ya shiga wannan hanya, balle da tsohuwa marar lafiya. Na dawo na ce mata gobe. Washegari ma na ce mata gobe. A nan aka binne ta, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Wani ɗan garinmu da ya yi kasada ya leƙa bara ya ce rufin gidanmu ya rufta, tafkin kuma laka ta cinye kusan rabinsa, shanun sata ake shayarwa a sauran. Yarinyar yanzu ta yi tsawo, ta yi wa uwarta nauyi, ni nake ɗaga ta in fitar da ita inuwa kafin in tafi kasuwa. In na dawo nakan same ta inda na ajiye ta.